TARIHIN SHARL KULOM, INJINIYAN DA YA AUNA GOGAYYA (1736–1806)

Duk ɗalibin da ya kai aji huɗu a sashen kimiyya ya taɓa cin karo da sunan Kulom, wanda littattafanmu suke rubutawa Coulomb. Yawancinmu mun san shi ne a darasin lantarki, inda ake auna cajin wuta da sunansa. Amma tun kafin ya taɓa aikin lantarki, mutumin nan ya yi suna a kan wani abu da muke fama da shi kullum a gona da kasuwa da kan hanya, wato gogayya, ƙarfin nan da ke tasowa in abu biyu suka haɗa jiki, ɗaya yana neman ya zame a kan ɗaya. A cikin littafin makaranta na bana mun ga ya dace mu kawo tarihinsa, domin akwai ilimi a cikin aikinsa, akwai kuma abin koyi a cikin halinsa.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi Sharl Ogustan Kulom ran 14 ga Yuni, 1736, a garin Angulem na ƙasar Faransa. Don mu gane zamanin da kyau, yana da shekara 18 sa'ad da aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. Sunan mahaifinsa Hanri, mahaifiyarsa kuwa Katarina. Dukansu daga gidajen masu hali suka fito. Tun yana yaro iyalin suka koma Faris, babban birnin ƙasar, a can ya fara sauraron darussan lissafi har abin ya shiga ransa.

Mahaifiyarsa ta so ya zama likita, shi kuwa zuciyarsa tana wajen lissafi. Saɓanin ya yi tsanani har ta janye masa taimako. Mahaifin kuma ya riga ya yi hasarar dukiyarsa a wata harkar kuɗi, ya koma garin danginsa, Mompeliye, a kudancin ƙasar. Can saurayin ya bi shi. Talauci bai sa ya ajiye littafi ba. A 1757 ƙungiyar masana kimiyya ta garin ta karɓe shi, ya riƙa karanta musu takardun da ya rubuta a kan lissafi da ilimin taurari.

Da ya ga lalle sai da sana'ar da za ta ci da shi, sai ya zaɓi aikin injiniya na soja. Ya ci jarrabawa, ya shiga makarantar injiniyoyi ta Meziyer a farkon 1760, ya fita a Nuwamba 1761 da muƙamin laftana.

Shekara takwas a Martinik

A Fabrairu 1764 aka tura shi Martinik, wani tsibiri a tekun Karibiyan da ke ƙarƙashin Faransa, inda ake noman rake da ƙarfin bayin da aka kwaso daga Afirka. Ingila ta ƙwace tsibirin a 1762, aka mayar wa Faransa da shi a 1763, saboda haka sarkin Faransa ya ba da umarni a gina babbar ganuwa ta dutse a kan tudu don tsaron tashar jiragen ruwa. Aka sa mata suna Ganuwar Burbon. Kulom bai kai shekara 30 ba nauyin aikin ya faɗo a kansa, yana lura da ma'aikata fiye da 1,000.

Zazzaɓi ya kashe abokan aikinsa da dama, shi ma ya yi ta kwanciya yana tashi. Ya koma gida a Yuni 1772, amma lafiyarsa ba ta sāke komawa daidai ba har ƙarshen ransa. Duk da haka a wurin nan ne ya koyi abin da aji bai koya masa ba. Ya ga yadda ƙasa take tura bango, da yadda tudun yashi yake tsayawa a wani gangare ya ƙi wuce shi, da yadda dutse yake riƙe ɗan'uwansa ko babu laka a tsakaninsu. A 1773 ya gabatar wa Majalisar Masana Kimiyya ta Faris takarda a kan waɗannan abubuwa. Har yau injiniyoyin da ke gina madatsar ruwa da bangon da ke tare ƙasa suna amfani da lissafin da ya fara a cikinta.

Gasar da ta fito da shi

Ba Kulom ne farkon wanda ya yi tunani a kan gogayya ba. Liyonado da Binci na Italiya ya rubuta ka'idodinta a littattafan ajiyarsa wajen 1493, amma ba a buga su ba a zamaninsa. A 1699 wani Bafaranshe kurma mai suna Amonton ya sāke gano su: gogayya tana ƙaruwa daidai da nauyin da ke danne abu, kuma faɗin wurin da abubuwan suka haɗu bai dame ta ba. A tsakiyar ƙarni na 18 masanin lissafi Oila ya bambanta gogayyar abin da ke tsaye da ta abin da ke zamewa. Abin da ya rage shi ne gwaji mai yawa da kaya masu nauyi na gaske, irin waɗanda ma'aikata suke ɗagawa.

Rundunar jiragen ruwan Faransa tana bukatar wannan sani ƙwarai. A kan gangaren katako ake ƙera jirgi, in an gama a zamar da shi cikin ruwa. Wani lokaci jirgin yakan kafe ya ƙi motsi, wani lokaci katakon yakan yi zafi har ya yi hayaƙi. Saboda haka Majalisar Masana ta sa gasa a kan gogayya da taurin igiya. A karo na fari ba wanda ya gamsar da alƙalai, sai aka sāke sa gasar don shekarar 1781, aka ninka ladan.

A 1779 an tura Kulom garin Roshfor, inda akwai babbar ma'aikatar ƙera jirage. Ya sa aka yi masa dogon teburi mai ƙarfi na katako. A kansa ya ɗora wani faffaɗan katako marar ƙafa, ya labta masa kaya, wani lokaci ɗaruruwan kilo. Ya ɗaura masa igiya, ya bi da ita ta kan wata 'yar ƙafa mai juyawa a bakin teburin, irin wadda ake sa wa wasu rijiyoyi, ya rataya faranti a ƙarshenta. Sai ya riƙa ƙara nauyi a farantin kaɗan kaɗan har katakon ya motsa, ya rubuta. Ya gwada itace a kan itace, ƙarfe a kan ƙarfe, ƙarfe a kan itace, a bushe da kuma bayan an shafa kitse. Ya canza nauyi, ya canza faɗi, ya canza sauri, ya canza tsawon lokacin da kayan suka zauna kafin a ja su. Gani ya kori ji. Da wannan aiki ya ci gasar 1781, a shekarar kuma aka zaɓe shi ɗan Majalisar. An buga littafin a 1785.

Abin da ya gano

Gogayya iri biyu ce. Akwai wadda za mu kira gogayyar riƙo, wadda take aiki tun abubuwan biyu ba su fara zamewa a kan juna ba. Akwai kuma gogayyar zamiya, wadda take karɓar aiki da zarar an fara zamewa.

Gogayyar riƙo ba ta da adadi guda. Gwargwadon turin da aka yi take mayarwa, har ta kai iyakarta. Kulom ya auna itacen ok, wani itace mai tauri na ƙasarsu, busasshe a kan ɗan'uwansa. Ya samu cewa kafin a tayar da kaya sai an sa ƙarfin da ya kai kimanin kashi 43 cikin 100 na nauyinsu, amma in sun fara tafiya kimanin kashi 11 ya isa. Misali, in kayan kilo 100 ne, muka ja da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin kilo 20, gogayya za ta mayar da 20, kayan ba za su motsa ba. In muka kai 40, ita ma ta kai 40. Da mun wuce 43 sai riƙon ya karye, kayan su taho da sauƙin da zai ba mu mamaki. Wanda ya taɓa jan buhun gero a kan daɓe ya san wahalar tana wajen tayarwa. A ƙarfe da ƙarfe kuwa ya ga bambancin bai taka kara ya karya ba.

Ya kuma lura cewa riƙon yana ƙaruwa in kayan sun daɗe a zaune, har ya kai wani matsayi ya tsaya. A busasshen itace abin na 'yan mintoci ne, a wasu kayan kuwa sai an yi kwanaki. Gogayyar zamiya kuma kusan ba ruwanta da sauri, muddin saurin bai yi yawa ba. Masu bincike na baya sun nuna cewa ka'idodin nan kimantawa ce mai kyau, suna da iyaka. A wajen 1950 Boden da Tebo na Jami'ar Kambirij sun bayyana cewa abubuwa biyu ba sa haɗuwa sai a kan 'yan ƙananan tsinin da ido ba ya gani, kuma nauyi ne yake ƙara yawan wurin haɗuwar. Amma har yanzu da ka'idodin Kulom injiniya yake fara lissafinsa.

Ina gogayya take fuskanta?

A nan ne ɗalibai da yawa suke faɗuwa a jarrabawa. An saba haddace cewa gogayya tana gāba da motsi, sai ɗalibi ya ga abu yana tafiya gabas, ya zana kibiyar gogayya tana duban yamma, bai tsaya ya yi tunani ba. Maganar da take daidai ita ce: gogayya tana gāba da zamewar fuska ɗaya a kan ɗaya. Gogayyar zamiya tana fuskantar kishiyar inda abu yake zamewa a kan abin da yake taɓawa. Gogayyar riƙo tana fuskantar kishiyar inda abin zai zame da a ce wurin santsi ne. Tambayar da za mu riƙa yi wa kanmu ke nan: da babu gogayya, ina wannan fuska za ta zame?

Mu fara da dutsen niƙa. Mai niƙa ta tura ɗan dutsen gaba, yana zamewa gaba a kan uwar, saboda haka gogayyar da ke kansa tana duban baya. Amma uwar dutsen tana jin ja zuwa gaba, daidai da wancan ƙarfi, shi ya sa ake kafa ta da kyau. Kullum gogayya biyu-biyu take zuwa, ɗaya a kan kowane abu, suna duban kishiyar juna.

Sai tafiya da ƙafa. In za mu taka gaba, ƙafar da ke ƙasa baya take tura ƙasa. Da santsi ne, baya za ta zame, kamar yadda yakan faru da mu a lakar fadama da damina. To, tun da baya za ta zame, gogayyar riƙo gaba take tura ta. Ashe gogayya ce take kai mu inda za mu. Haka kofaton jaki, haka na shanun da ke jan amalanke. Haka kuma ƙafar baya ta keke: sarƙa tana juya ta, gindin tayar yana neman zamewa baya, hanya tana tura shi gaba. Ƙafar gaba kuwa ba mai juya ta sai hanya, don haka 'yar gogayyar da ke kanta baya take duba.

Yanzu mu ɗauki buhun albasa a bayan babbar mota da ta yi lodi a Aliero, za ta bi ta Jega da Maiyama ta nufi Kudu. Sa'ad da motar take tashi, daɓenta yana yin gaba, buhun kuwa da santsi ne da an bar shi a baya. Gogayyar riƙo ce take jan sa gaba, wato tana duban inda motar ta nufa. In motar ta daidaita saurinta a miƙaƙƙiyar hanya marar tudu, buhun ba ya neman zamewa ko'ina, gogayyar kusan babu ita. Da direba ya taka birki, buhun yana neman wucewa gaba, sai gogayyar ta juya baya. A kwana kuwa yana neman ya zarce waje, sai ta dubi cikin kwanar. Buhu ɗaya, mota ɗaya, hanya ɗaya, amma kibiyar ta juya wuri uku.

Ko gogayyar zamiya ma tana iya duban gaba. In mota ta kafe a laka a hanyoyin ƙauyukanmu, irin ta Gehuru, tayar tana juyawa a wuri ɗaya, gindinta yana zamewa baya, gogayyar da ke kanta gaba take turawa, sai dai ba ta da ƙarfin fitar da motar. Shi ya sa ake cusa itace da duwatsu a ƙarƙashinta, a kuma ce wa direba ya rage wuta, don tayar ta sami abin kamawa.

Sanin wannan ya wuce maganar maki a jarrabawa. Riƙo yana da iyaka. In direba ya shiga kwana da gudun da ya fi ƙarfin riƙon taya, ko ya danne birki har ƙafafun suka daina juyawa, motar ta koma kan gogayyar zamiya, wadda ta fi rauni, sitiyari kuma ya daina jin magana. In ruwa ya sauka, ko taya ta suɗe, iyakar tana ƙara raguwa. Kayan da ba a ɗaure ba, da mutanen da suka hau kan lodi, riƙon nan kaɗai ke tsare da su. Rai da dukiyar shekara guda sukan salwanta a kan wannan.

Gaskiya da kurkuku

A 1783 aka tura Kulom lardin Biretanye, a yammacin Faransa, ya duba wani shiri na haƙa hanyoyin ruwa da gyaran tashar jirage. Manyan lardin sun ƙwallafa rai a kan shirin. Ya je ya auna, ya yi lissafi, ya rubuta cewa kuɗin da za a kashe ya fi amfanin da za a samu nesa ba kusa ba. Maganar ba ta yi wa masu iko daɗi ba. Aka fake da wata ƙa'ida ta aikin soja, aka tsare shi mako guda a kurkuku a Nuwamba 1783. Ya nemi ya ajiye aiki, aka ƙi. Aka sāke tura shi ya duba, ya dawo da amsar da ya bayar tun farko, domin lissafin bai canza ba. Daga baya majalisar lardin ta gane ya tsamar da ita daga babbar hasara. Ta so ta sāka masa, bai karɓi kome ba sai agogo mai nuna daƙiƙa, wanda ya riƙa amfani da shi wajen gwaje-gwajensa. Gaskiya dokin ƙarfe ce.

A 1784 aka ba shi kula da ruwan sha da maɓuɓɓugan sarki, aikin da ya shafi ruwan birnin Faris. A 1787 ya je Ingila tare da likita Tenon don su duba yadda ake tafiyar da asibitoci.

Aikin lantarki

Tun 1777 ya raba ladan wata gasa da wani masani ɗan Holan a kan allurar da ke nuna wa matuƙan jirgi arewa. Wajen wannan aiki ya lura da yadda siririn zare yake murɗewa in an rataya masa abu. Daga nan ya ƙera ma'aunin murɗa, wanda yake auna ƙarfin da ya yi ƙanƙanta ƙwarai ta wurin duban yawan murɗewar siririyar waya. Da shi ya nuna a 1785 cewa ƙarfin da ke tsakanin caji biyu yana raguwa da nisa ta hanya tabbatacciya: in an ninka nisan sau 2, ƙarfin ya koma kashi 1 cikin 4, in an ninka sau 3, ya koma 1 cikin 9. Tsakanin 1785 da 1791 ya gabatar da takardu bakwai a kan lantarki da maganaɗisu.

Juyin mulki da ƙarshen rayuwarsa

Juyin juya halin Faransa ya ɓarke a 1789. A 1791 Kulom ya bar aikin soja da muƙamin laftanan kanar, bayan shekara 30 yana hidima. A 1793 sabuwar gwamnati ta rufe Majalisar Masana, aka kuma cire shi daga kwamitin da ke shirya sabon tsarin awo, wanda ya haifar da mita da kilo da muke amfani da su a yau. Ya koma wani ɗan gidan gona kusa da garin Buluwa, ya ci gaba da bincikensa a natse. Abokin aikinsa Labuwaziye, babban masanin sinadarai, bai tsira ba, an sare kansa a Mayu 1794.

Da ƙura ta lafa, ya dawo Faris a 1795, ya zama ɗan sabuwar Cibiyar Masana ta Faransa. Daga 1802, a zamanin Nafoliyon, aka naɗa shi cikin manyan sufetocin ilimi. Ko da yake tsufa da ciwo sun kama shi, ya yi ta zagaya ƙasar yana taimakawa wajen kafa makarantun sakandare na gwamnati. Ya rasu a Faris ran 23 ga Agusta, 1806, yana da shekara 70, shekara biyu bayan hijirar Shehu zuwa Gudu. Ya bar mata da 'ya'ya maza biyu. A 1881 taron masana lantarki na duniya da aka yi a Faris ya sa wa ma'aunin caji sunansa, kuma yana cikin sunaye 72 da aka rubuta a jikin Hasumiyar Ifel.

Abin da za mu riƙe

'Yan'uwa ɗalibai, Kulom bai raina ƙaramin abu ba. Katako da igiya da kitse ya sa a gaba, ya yi ta maimaita gwaji har ya tabbata, kuma bai rubuta abin da bai auna ba. Sa'ad da manya suka so ya canza amsa, ya gwammace kurkuku. Wasu daga cikinmu za su zama injiniyoyi, wasu malamai, wasu ma'aikatan jinya, wasu masu riƙe da kuɗin jama'a, kuma wata rana za a kawo mana takarda a ce mu sa hannu a kan abin da muka san ba haka yake ba. Mu fara shirin ranar tun yanzu, a ɗakin gwaji, ta wurin rubuta abin da ma'auni ya nuna, ko da bai yi daidai da na littafi ba. Ga masu shirin jarrabawar ƙarshe kuma, kafin ku zana kibiyar gogayya, ku dubi fuskoki biyun da suka haɗu, ku tambayi inda za su zame, sa'an nan ku ja kibiyar ta dubi kishiyar wurin.